Molon Bahia da Tuntuɓen Baba Garba

Tun da na dawo daga Bahia, can ƙetaren teku, ban ci tuwo da zafinsa ba. Da na kai loma baki sai a yi sallama, wani ya shigo ya miƙe ƙafa, ya ce a ba shi labari daga farko. Wani so yake ya ji ko gaskiya ne gidajen can hawa biyar ne, wani ko goro na da daraja, wani kuwa ba abin da ya dame shi sai molon nan da ya gani a rataye a zaurena, wai yaushe ɗan goro ya koma makaɗi. To, na gaji da maimaitawa. Ga shi nan na rubuta sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa na kusa da shi, ni kuma a bar ni in ci abinci.

Goro ne ya kai ni, amma ba shi kaɗai ba. Mahaifiyata, wadda duk unguwarmu a nan Ikko ke kira Inna Ladi, a ƙasar Zazzau aka haife ta. Yaƙi ya ci ƙauyensu tana yarinya, aka kama ta tare da wanta Garba, aka yi ta sayar da su hannu zuwa hannu har bakin teku, daga nan sai Bahia. Ranar da aka sauke su daga jirgi aka raba su, ba ta ƙara sa shi a ido ba. Daga baya ta fanshi kanta da tuyar ƙosai, ta hau jirgi ta dawo wannan gefen, ta auri mahaifina, ta haife ni. Yanzu ta tsufa, idonta ya yi hazo. Bara wani da ya dawo daga can ya gaya mata ya san wani tsohon Bahaushe ɗan dako, sunansa Garba, tsagarsa irin tata. Tun daga ranar hankalinta bai sake kwanciya ba.

Sai dai Inna ba ta da saurin yarda. Sau biyu a baya ana kawo mata labarin wanta, duka biyun ƙarya ce, na biyun ma har riga ta ɗinka ta aika masa. Saboda haka da na je yi mata ban kwana ta riƙe hannuna ta ce, "Abdu, kada ka kawo mini labari, na ƙoshi da labari. In shi ne, ka kawo mini abin da zan san shi ne." Na tambaye ta kamar me. Ta ce da ta sani da ba ta aike ni ba.

Jirginmu na iska ne, mai manyan ƙyallaye, kuma mun yi wata ɗaya da rabi a kan ruwa. Kwana ukun farko ba zan ba da labarinsu ba, don a kwance na yi su, kaina cikin bokiti. Da na farfaɗo sai na tarar babban aikina shi ne jinyar goro. Kowace safiya in kwance huhu, in tsince wanda ya fara lalacewa, in yayyafa wa ganyen ruwa. Ruwan sha kuwa da awo ake ba mu, don haka rabin nawa goro ke sha, ni in haƙura da rabi. Abinci garin rogo ne da busasshen nama mai gishiri, kamar kilishin da aka manta ba a sa masa yaji ba. Akwai wake, amma na leƙa tukunyar na ga abin da kuku ke jefawa a ciki, daga nan na sallama masa wakensa. Salla ma da nata rikicin, ka tayar kana fuskantar gabas, kafin ka yi sallama jirgi ya juya da kai kudu.

A jirgin na haɗu da wata Bayarabiya 'yar kasuwa, Iya Dada, wadda ta ƙetare tekun nan sau da yawa da zannuwa da sabulu. Ita ta riƙe ni kamar ɗanta, tana yi mini dariya tana koya mini. Muna hango gari ta ce in cire layar wuyana da ɗan littafin addu'o'ina in cusa su can ƙarƙashin ganyen goro. Ta ce tun wani bore da bayi Musulmi suka yi shekarun baya, wanda ya ƙare a bakin ruwa kusa da barikin sojan doki, hukumar garin in ta ga rubutun Larabci sai jikinta ya hau rawa. Na bi maganarta. A gidan kwastan wani mai gashin baki ya duba takardata ta gaba da ta baya, ya soka wa huhuna tsinken ƙarfe, ya zaro goro ɗaya fari tas ya gatsa. Fuskar da ya yi, da na iya zane da na kawo muku ita tsaraba. Ya tofar, ya buga hatimi, ya kore ni da hannu, bai ƙara tona komai ba.

Garin hawa biyu ne. Na ƙasa a bakin ruwa yake, duk rumbunan kaya ne da warin taba da manja. Na sama yana kan tudu, kuma tudun ba na wasa ba ne. Masu hali ba sa hawa da ƙafa, kujera ce mai labule suke shiga, mutum biyu su saɓa a kafaɗa su hau da su. Gaskiya ne, wanda ya tambaye ni sau huɗu ya ji. An yi mini tayi, na dubi masu ɗaukar na ga ɗayansu ya yi sa'an mahaifina, na ce Allah ya kiyaye. Na hau da ƙafata. A tsakiyar tudun na ɗan yi nadama, amma dai na kai.

Iya Dada ta sama mini masauki kusa da wani dandali da ake kira Pelurinyo, ɗaki ne a ƙarƙashin wani dogon gida, taga ɗaya daidai da ƙafafun masu wucewa. Cikin kwana biyu na san mutanen layin da dugadugansu. A nan na lura da wani abu: wanda yake ɗa yana sa takalmi, bawa kuwa ba shi da izinin sawa, ko da rigarsa ta fi ta ubangidansa kyau. Abinci bai ba ni wahala ba. A bakin titi mata na toya ƙosai irin na Inna sak, a cikin manja, ga miyar kuɓewa, ga barkono da zai sa ka tuna zunubanka. Na ci ƙosan farko na ji ƙwalla, na ɗora wa barkonon laifi.

'Yan dako a can kowace ƙabila da kusurwar titin da take zama tana jiran aiki. Na Yarabawa ba sa ƙirguwa. Na Hausawa sai da na yi ta tambaya, aka nuna mini wata inuwa a garin ƙasa, na tarar da tsofaffi biyar suna saƙar malafa. Na yi sallama da Hausa, duka biyar suka ɗago a tare kamar an kira sunansu. Na ga mai tsagar nan a tsakiya. Sai na yi abin da aka koya mini tun ina yaro, na tuɓe takalma na durƙusa. Kafin in ce ina wuni, tsofaffin nan sun taso mini, wannan na tura mini takalmi da ƙafa, wancan na waige-waige. Mai tsagar ya ce, "Mayar da su, ɗana, mayar da su. Shekara talatin na yi ina dako kafin in sa nawa, kai kuma ka zo ka tuɓe a titi?" Haka na gaida shi a tsaye da takalmi, ina jin kamar na zage shi.

Zan riƙa kiransa Baba Garba, don haka na kira shi duk zamana a can. Bakina bai yarda ya ce Kawu ba. Ya kai ni gidansa, matarsa Iya Felisa, wata Bayarabiya mai fara'a da faɗa, ta cika mini kwano. Hausarsa ta yi tsatsa, yana yi yana cike gurbi da Yarabanci. Na yi masa tambayoyin da na tanada. Ƙanwa? Yana da ita, Ladi. To, Ladi nawa ne a ƙasar Zazzau? Sunan ƙauyen da ya faɗa ya ɗan bambanta da wanda Inna ke faɗa. Sunan mahaifiyarsu ya ce bai sani ba, shi dai "Inna" kawai suke kiranta. Tsaga kuwa rabin ƙasar ke da irinta. Ban ga alamar ƙarya a tare da shi ba, bai roƙe ni komai ba, komawa ma ya ce ba zai iya ba, ga mata ga jikoki. Amma ni ba ni da abin da zan riƙe, kuma jirgina kwana goma sha biyu suka rage masa.

Ya ga damuwata. Ya kalli tafin hannunsa, can ya ce mahaifinsu makaɗin garaya ne na maharba, kuma akwai taken gidansu da yake koya masa kafin yaƙin. Na tuna Inna ta taɓa faɗin haka. Na ce ya rera mini. Ya ce ba a baki yake ba, a hannu yake, in ma yana nan. Shekara hamsin bai taɓa tsirkiya ba. Haɗa garaya kuma ba zai yiwu ba, kafin a samu fata ta jiƙa ta bushe jirgi ya tashi. Iya Felisa ce ta ce mu daina zaman makoki mu je wurin Bentu.

Bentu masassaƙin kayan kiɗa ne a garin sama, ɗan ƙasa, gajere, mai tabarau a kan hanci. Shagonsa na ƙamshin katako da danƙo. Irin molonsu suna kiransa biyola, duk jikinsa katako ne, ba fata, mai ƙugu kamar gora, da rami a ciki, wuyansa kuma an gindaya masa ƙananan ƙarafa inda ake danna tsirkiya. Ya ɗauko mana guda uku, yana riƙe kowanne kamar jariri ranar suna.

Na farko babba ne, tsirkiya shida na hanjin tumaki. Bentu ya kaɗa, murya ta fito mai kauri da zurfi, ta daɗe tana yawo a shagon bayan ya ɗaga hannu. Ni dai na ce shi ke nan, a naɗe mana. Baba Garba ya karɓa. A nan na fara lura da yatsunsa. Shekarun dako sun ƙage su, ba sa miƙewa sosai, ba sa lanƙwasa sosai. Wuyan molon faffaɗa ne, hannunsa bai zagaye shi ba. Ya yi ƙoƙari, ya mayar, ya ce muryar ta liman ce, ta yi kyau, amma maharbi ba zai tashi tsaye don ita ba.

Na biyu ƙarami ne, tsirkiya huɗu na waya. Wuyan ya zauna masa a hannu daidai, amma wayoyin a ɗaure suke tamau, kuma sun yi nisa da katakon, sai ka danna da ƙarfi. Ya danna sau uku, na ga goshinsa ya yi gumi. Muryar kuma siririya ce mai tsini, tana fita ta mutu nan take. Ya ce wannan ƙanwar amarya ce, surutu ba nauyi.

Na uku shi ne abin alfaharin Bentu. Tsirkiya goma, biyu-biyu, katakon baya baƙi mai sheƙi, an yi wa bakin ramin ado da ƙwanson kifin teku. Wani babban mutum ne ya sa a yi masa. Muryarsa tsaf, kowace tsirkiya ana jin ta ita kaɗai, ba ta hawa kan 'yar'uwarta, kuma taushinsa a hannu har ni da ban iya ba na ji. Baba Garba ya daɗe da shi. Ya kaɗa, ya kasa kunne, ya sake kaɗawa. Sannan ya ce mini da Hausa, "Wannan ya fi su duka, amma bebe ne." Na ce bebe kuma, bayan duk unguwa na jin sa? Ya ce garaya tana da ceba, wato ɗan faifan ƙarfe mai zobba da ake sokawa a kan wuyanta, duk kaɗawa sai ya yi ziza. Zizar nan ce ke sa kiɗa ya yi magana. In babu ita hannunsa ba ya gane hanya. Bentu ya nemi a fassara masa, Baba Garba ya fassara, ina zargin ya rage wani abu, don mutumin bai kore mu ba.

Muna shirin fita hannu rabbana, sai Baba Garba ya hango wani a rataye can bayan ƙofa, ƙura ta rufe shi. Irin na ukun ne, amma tsoho, ba ado, tsirkiya biyar kawai suka rage masa. Bentu ya ce wannan ba na sayarwa ba ne, ya tsage daga ciki, wani ɗan katako ya saki. Baba Garba ya sauko da shi ya kaɗa. Sai ga ziza, mai kaushi, kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Bentu ya toshe kunne ɗaya. Tsohon nan kuwa ya zauna a kan buhun ɓawon katako, ya sake kaɗawa, yatsunsa suka fara lalube. Gaɓa uku suka fito a jere, sannan huɗu. Wayoyin sun yi masa tauri, yana cije leɓe, amma na ga abin yana dawowa. Na ce wa Bentu wannan muke so. Ya dube mu kamar waɗanda suka zo kasuwar dawaki suka zaɓi gurgun jaki, ya ce to mu dawo jibi, zai sa masa sabbin tsirkiya.

Jibi muka koma da farin ciki. Bentu ya tare mu yana murmushi, ya miƙo molon an goge shi yana ƙyalli. Ya ce ba zai iya barin abu ya fita daga shagonsa da ciwo ba, saboda haka ya buɗe shi, ya manne katakon da ya saki, ya toshe tsagar, kuma duk wannan kyauta ne. Baba Garba ya kaɗa. Murya ta fito tas, ba ko ɗigon ziza. Ban taɓa jin abu mai daɗi ya ɓata mini rai haka ba. Tsohon ya ajiye shi a hankali, ya gode wa Bentu, ya fita ya zauna a bakin ƙofa. Ga mutum ya yi mana alheri da zuciya ɗaya, ga shi ya kashe mu, kwana tara kuma suka rage.

Na ce a sake tsaga shi. Da aka fassara wa Bentu sai da ya rungume molon. Muka koma gida muka gaya wa Iya Felisa, ta ce ita ba ta taɓa ganin maza uku sun taru sun rasa hankali ɗaya ba. In ƙarfe mai zobba ake so, ƙarfe ya ƙare a Bahia ne? Ta ɗauko murfin wani tsohon gwangwani, ta ciro wayar da take rataye kifi, ta sa mu gaba har shagon. Ban san abin da ta gaya wa Bentu ba, da harshensu ta yi, da hannu a ƙugu. Na dai ga ya ɗauki almakashi ya yanka murfin kamar ganye, yadda Baba Garba ya kwatanta, ya huda gefensa, ya lanƙwasa zobba ya zura, yana yi yana gunaguni. Da ya gama ya soka shi a kan wuyan molon, sannan ya zura yatsa cikin ramin ya ɓanɓare takardar da ke ɗauke da sunansa. Ya ce in an tambaye mu, a kasuwa muka tsinta.

Baba Garba ya kaɗa, ziza ta dawo, har ta fi ta da. Sai kuma ga wani abin da ba mu zata ba. Ashe wurin gyaran Bentu ya lura da yatsun tsohon, ya rage tsawon jakin, wato ɗan katakon da tsirkiya ke hawa, ya sauko da wayoyin kusa da wuya. Yanzu taɓawa kaɗan ta isa. Baba Garba ya cire sauran tsirkiya ya bar biyu kamar na garaya, ya fere guntun fata mai tauri don kaɗawa. Taken ya fito daga farko har ƙarshe, a shagon nan, mutane suka taru a ƙofa. Bentu ya tsaya da hannu a haɓa, ya ce har yanzu muryar ba ta yi masa ba, amma ƙafarsa na gani tana bugun ƙasa.

Saura ni. Ba wanda zai kai wa Inna taken sai ni, ni kuma iyakar kiɗana ƙwanƙwasa ƙofa. Kowace safiya bayan na jiƙa goro in tafi gidansu, mu zauna a tsakar gida har la'asar. Yatsuna suka yi bororo, suka fashe, suka yi kanta. Maƙwabta suka fara aiko da tambaya ko wani abu ne ya maƙale a bututun ruwa. Baba Garba ba ya yabo, in na yi daidai sai ya ce sake, in na yi kuskure ma ya ce sake.

Akwai wuri ɗaya da ya dame ni. Kusa da ƙarshe, inda kiɗan ke gangarowa, Baba Garba sai ya yi ɗan tuntuɓe. Ya tsallake gaɓa ɗaya, ya ɗan tsaya, sannan ya kama da sauri. Kullum a nan, kullum iri ɗaya. Na ɗauka yatsun ne, na ji kunyar tambaya, na koya yadda ya koya mini. Ranar tafiya ya raka ni har bakin ruwa da takalmansa. Ya ce, "In ta ji ta ce ba ni ba ne, kada ka damu, ɗana. Ka ce mata wani Garba yana gaida ta." Na shiga kwalekwale ina ta gyara kaya.

Dawowa ta fi tafiya tsawo, iska ta yi mana yaji kwana tara a tsakiyar teku. Na riga na sayar da goron, ba ni da majinyaci, sai na duƙufa a kan molo. Wani matuƙi mai kunnen kiɗa ya yi ta saurare, ran nan ya karɓa ya nuna mini cewa a wurin nan akwai gaɓar da ta ɓace, ya sa ta. Kai, sai kiɗan ya gangaro sumul. Na ce ai shi ke nan, wannan ne asalin taken, tsufa ne ya gutsure shi. Me zai sa in kai wa Inna abu da rauni? Na yi mako uku ina goge tuntuɓen nan daga hannuna, ina jin daɗin kaina. Ni da na tsaya a shagon Bentu na ga abin da gyara ya yi mana, ko sau ɗaya abin bai faɗo mini a rai ba.

Na iso gida da hantsi. Bayan gaishe-gaishe da koke-koke, Inna ta sa aka watse, ta zauna a kan tabarma da faifan wake a cinya tana tsinta da lalube. Ba ta tambaye ni komai ba. Na ɗauko molon na soka ceba. Da zizar farko hannunta ya tsaya. Na kaɗa taken daga farko har ƙarshe, sumul, ban taɓa yin sa da kyau kamar ranar ba. Ta saurara har zizar ƙarshe ta mutu. Sannan ta share ido da gefen zane ta ce, "Taken gidanmu ne. Allah ya yi maka albarka. Amma Abdu, duk yaron da ya tashi a ƙauyenmu ya san shi. Ɗan garinmu ka samo." Ta ci gaba da tsintar wakenta.

Na ji kamar tudun Bahia aka ɗora mini a ƙirji. Wata huɗu, teku biyu, yatsu sun fashe, ga abin da na kawo. Na zauna a wurin da molon a cinya, ina tunanin tsohon nan a bakin ruwa da saƙonsa na wani Garba. Hannuna ya ci gaba da kaɗawa shi kaɗai, ba da niyya ba, can ƙasa-ƙasa. Da yake hankalina ba ya wurin, sai hannun ya bi tsohuwar hanyarsa ta tsakar gidan Iya Felisa. Ya zo gangaren nan, ya tsallake gaɓar, ya tsaya, ya kama da sauri.

Faifan ya kife, wake ya watsu har bakin ƙofa. Na ce yi haƙuri Inna, kuskure na yi, na ɗaga hannu zan gyara. Ta damƙe wuyan hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Ta tambaye ni wa ya koya mini haka. Na ce shi ne, kullum a nan yake tuntuɓe, yatsunsa ne suka ƙage.

"Ba yatsu ba ne," in ji ta. Tana dariya, hawaye na bin tsagarta. "Tun yana ɗan shekara goma a nan yake faɗuwa. Babanmu ya yi ta ƙwanƙwasar kansa a kan wurin nan, ni ina bayan rumbu ina yi masa gwalo. Ashe har yau bai iya ba."

Ta saki hannuna, ta gyara zama, ta juyo da kunnenta mai ji sosai wajen molon.

"Sake," ta ce. "Yadda kawunka ya yi. Kada ka gyara."